Yadda Ake Bitar Wasan Ces Bayan Gasa Domin Gano Tushen Kuskure

A Katsina mun saba da dara. In aka ci mutum sai a kwashe 'ya'ya, a share gurabe, musu ya kaure: wannan ya ce da ka toshe nan, wancan ya ce ai tun farko ka yi sake. Ba mai iya kawo hujja, domin wasan ya riga ya tafi. Wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, ya fi ta da abu guda. Ana rubuta kowane taku, saboda haka wasan da ka buga yau kana iya dawo da shi kan allo gobe ko baɗi, ka tsaya daidai inda lamari ya lalace.

Sai dai yawancin matasan da nake koya wa, da an tashi daga gasa sai su ninke takardar su cusa a aljihu. Masu ɗan ƙoƙari a cikinsu su loda wasan a waya, injin nazari, wato manhajar da ke lissafa takun da ya fi kyau, ya nuna musu inda suka kwafsa, su ce "kai, ashe!", su wuce. Gasa ta gaba ta zo, su sake faɗawa ramin jiya. Dalili shi ne injin yana iya gaya maka takun da bai dace ba, amma bai san abin da ya sa ka yi shi ba, kuma wannan dalilin shi ne abin gyarawa. Mikhail Botvinnik, wanda ya zama zakaran duniya a 1948, ya shahara da matsa wa ɗalibansa su riƙa tsefe wasanninsu da kansu, kuma Karpov da Kasparov da Kramnik, waɗanda su ma suka zama zakarun duniya, duk sun bi ta makarantarsa.

Kowa da yadda yake kiran 'ya'yan ces. A nan zan ce sarki (K), sarauniya (Q), ruk (R), bishof (B), doki (N), sai soja wanda ba shi da harafi. Gidajen allo kuwa daga a1 ne zuwa h8. A rubutun taku, x na nufin ci, + na nufin cek, wato kai wa sarki hari, # kisan sarki, O-O ɓoye sarki a gefe tare da ruk, ɗigo uku bayan lamba kuma takun Baƙi ne.

Kayan da za ka tanada

Takardar da ka rubuta wasan a kai, ko hotonta. Allo da 'ya'ya na gaske, irin na leda mai naɗewa ma ya isa, muddin akwai haruffa da lambobi a gefensa. In naka babu su, yanki takarda ka manna a–h a ƙasa, 1–8 a gefe, kuma ka tabbata gidan da ke kusurwar hannun damanka fari ne. Littafin rubutu mai kauri wanda ba za ka haɗa shi da komai ba sai wannan aiki. Biro kala biyu, shuɗi da ja, zan faɗi amfaninsu a gaba. Sai waya ko kwamfuta mai injin nazari. Injin Stockfish kyauta ne, kuma shi ne ke aiki a cikin Lichess, wani shafin ces na intanet wanda shi ma ba a biyan ko kwabo. Chess.com na da nasa nazarin, amma ga wanda bai biya ba akwai iyaka. Idan data ce matsalarka, manhajar DroidFish ta wayoyin Android tana zuwa da Stockfish a cikinta kuma tana aiki ba intanet.

Sannan lokaci. Dogon wasa yana cin awa ɗaya zuwa biyu. In ba ka da wannan, gara ka ɗage zuwa ranar da kake da shi da ka yi aikin gaggawa. Yi cajin waya tun akwai wuta, amma in an ɗauke ma ba asara ba ce, domin fiye da rabin aikin ba ya buƙatar ta.

Mataki na 1: Fara tun kana zauren gasa

Bita tana lalacewa ne tun daga rubutu. A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, wajibi ne a dogon wasa kowane ɗan wasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa, sai fa idan lokacinsa ya gaza minti 5 kuma agogon ba ya ƙara daƙiƙa 30 a kowane taku. Rubuta da kyau. Kuskuren da na fi gani shi ne dawaki biyu ko ruk biyu suna iya zuwa gida ɗaya, mutum ya rubuta Nd2 kawai, ya dawo gida ya rasa wanne ne ya tafi. Rubuta Nbd2 ko Nfd2. Na biyu shi ne mai riƙe da Baƙi ya riƙa juya lambobi, ya rubuta e3 alhali e6 ya taka.

Bayan kowane taku biyar, ko duk inda ka daɗe kana tunani, rubuta mintocin da suka rage maka a gefe. Doka ta yarda da wannan. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne rubuta tunaninka ko wata tunatarwa ana cikin wasa. A gasar zakarun Amurka ta 2015, alƙalin wasa ya ba abokin karawar Wesley So nasara saboda So yana rubuta wa kansa kalmomin ƙarfafa gwiwa a takarda. Waya kuma kada ta kusanci aljihunka sai an gama. Da an sa hannu, nemi izini ka ɗauki hoton takardar kafin ka miƙa, domin a doka ta masu shirya gasa ce.

Gasa da yawa a wajenmu na gajeren lokaci ne, minti 15 ko 25, inda ba dole ba ne a rubuta. To a nan, da ka tashi daga teburi nemi gefe ka rubuta iya abin da ka tuna. Ko taku 15 na farko ne da zanen matsayin da wasa ya juya, sun wadatar. Ko kuma ka roƙi aboki da ba ya buga wannan zagayen ya tsaya nesa kaɗan ya rubuta maka, in alƙali ya yarda.

Mataki na 2: Zauna da wanda ya buga da kai

Ko ya ci ka, ko ka ci shi, ko kunnen doki kuka yi, miƙa masa hannu ka ce, "Malam, ko za mu ɗan duba?" Ku fita daga inda ake wasa, don ba a yarda a yi nazari kusa da masu bugawa ba. Minti goma ya isa. Tambaya biyu nake so ka yi masa: wane taku ne ya fi jin tsoron ka yi, kuma a ina ya ji wasa ya dawo hannunsa. Sau da yawa za ka ji ya ambaci takun da bai taɓa zuwa maka a rai ba. Kada ka mai da zaman wurin kare kai, irin "ai da na ci ka". In babba ne gare ka, saurara kawai ka rubuta, ko da kana ganin bai yi daidai ba, za ka tantance daga baya.

Mataki na 3: Zubar da abin da ke kanka a takarda kafin ya huce

Wannan matakin shi ne wanda ba ya jira. A daren ranar, ko a mota in daga Kano ko Kaduna kake dawowa, ɗauki shuɗin biro ka rubuta abin da ka tuna game da tunaninka, ba game da allo ba. A ina ilimin buɗin wasanka ya ƙare ka fara tunani da kanka? Wane taku ne ya ba ka mamaki? A ina ka ji tsoro, kuma tsoron me? A ina ka ji ka riga ka ci? Me ka so yi ka fasa, kuma don me?

Rubuta gaskiya ko ba ta da daɗi. "Na ga yaro ne ƙarami, na raina shi." "Ban ci abinci ba tun safe." "Ina ta kallon allon kusa da ni." "An kira la'asar, hankalina ya rabu, na yi sauri." Bayan kwana biyu zuciya za ta gyara labarin, ta ba ka wasu dalilai masu kyan ji waɗanda ba su ne na ainihi ba.

Mataki na 4: Maimaita wasan a kan allo, waya a kife

Jera 'ya'ya, ka zauna ta ɓangaren da ka buga. Bi wasan daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya ba tsayawa, don ka ga kamanninsa gaba ɗaya. A zagaye na biyu sai ka riƙa tsayawa kana sa alama a wuraren da wasa ya canja fuska. Ba kowane taku ne ke buƙatar nazari ba. A wasa mai taku 40, wuraren da suka isa a tsaya musu ba su cika wuce huɗu zuwa shida ba. Ga inda ake samunsu: inda aka yi musayar 'ya'ya, musamman sarauniya, inda soja ya matsa ya canja tsarin tsakiya, tun da soja ba ya komawa baya, inda wani ya ɓoye sarkinsa ko ya ƙi ɓoyewa, inda lokacin da ka rubuta ya nuna ka ci minti goma ko fiye, da kuma inda ka taka nan take alhali wurin na buƙatar tunani.

A kowane wuri rubuta hukuncinka da kalmomi: wa ya fi, kuma da me? Ƙirga 'ya'ya da ma'aunin da aka saba, soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Amma kada ka tsaya nan. Duba sarkin wa ya fi tsaro, 'ya'yan wa suka fito fili, na wa ke kwance a gida ba aiki.

Mataki na 5: Tono, daga inda ka faɗi zuwa inda ka yi tuntuɓe

Nan ne aikin yake, kuma nan za ka fi daɗewa. A kowane wurin da ka sa alama, jera taku biyu ko uku da za ka iya yi a maimakon wanda ka yi. Fara da masu tilasta wa abokin karawa: cek tukuna, sai ci, sai barazana. Lissafa kowanne a ka ba tare da taɓa 'ya'ya ba, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka motsa su ka gwada ko lissafinka ya yi daidai. In ka fara da motsa 'ya'ya, ka hana kanka atisayen da ka fi buƙata, domin a gasa ba a taɓawa a mayar.

Bari in nuna da wani gajeren wasa da wani ɗalibi ya kawo mini, yana riƙe da Fari. Tsohon tarko ne da ke kama sababbin 'yan wasa a ko'ina. Jera allonka ka bi ni:

1. e4 e5 2. Nf3 Nc6 3. Bc4 Nd4 4. Nxe5 Qg5 5. Nxf7 Qxg2 6. Rf1 Qxe4+ 7. Be2 Nf3#

Da na tambaye shi ina kuskuren, sai ya nuna taku na 7, ya ce da bai tare da bishof ba. To mu gwada. Abin da ya rage masa shi ne 7. Qe2, doki kuwa ya cinye sarauniya. Ashe a taku na 7 babu sauran magani. Mu koma baya. A taku na 6, in ya ci ruk da 6. Nxh8, Baƙi zai ci nasa ruk ɗin da cek, 6...Qxh1+, ya dawo ya ci sojan e4 da wani cek ɗin, Fari na cikin wahala, dokinsa kuma ya maƙale a kusurwa. Nan ma gida ya riga ya kama da wuta.

Taku na 5 fa? A nan akwai zaɓi na gaske. Bayan 4...Qg5 sarauniya na barazana biyu, ga dokin e5 ga sojan g2. Shi ɗalibin ya hango nasa harin ne kawai: doki a f7 yana kai wa sarauniya da ruk hari lokaci guda, bishof na tsare da shi. Daɗin wannan ya rufe masa ido, bai tambayi kansa ina sarauniyar za ta tafi in ta gudu ba. Da ya bi ƙa'idar fara duba cek, da ya ga 5. Bxf7+. Bayan 5...Ke7 6. O-O Qxe5 7. Bxg8 Rxg8 8. c3, Fari ya yi asarar ɗa guda a kan soja biyu, amma sarkinsa na ɓoye, na Baƙi na tsaye a tsakar gida, kuma sojojin tsakiya za su taso da d4. Wasa na nan da ransa.

Tushen dai yana taku na 4. Baƙi ya ɗauke dokin da ke tsaron e5 ya bar soja a banza. Duk lokacin da aka bar maka abu a banza tun taku na uku, tsaya ka tambayi dalili. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da 4. Nxd4 ko 4. c3 ko 4. O-O, Fari ne ke gaba cikin kwanciyar hankali, domin Baƙi ya ɓata taku yana motsa doki ɗaya sau biyu.

Ka ga yadda abin ya kasance: an kashe sarki a taku na 7, wasa ya mutu a na 5, cutar ta shiga a na 4. Kuma abin da ya kamata ɗalibin ya rubuta a littafinsa ba "kada a ci e5" ba ne, don wataƙila ba zai sake haɗuwa da wannan matsayin ba sai bayan shekara. Abin rubutawa shi ne: "Sau biyu a jere na taka ban duba me abokin karawa zai yi ba." Wannan kuwa zai sake haɗuwa da shi a wasa na gaba.

Haka za ka yi da dogon wasa. Fara daga inda ka tabbata ka sha kashi, ka riƙa ja da baya taku-taku kana tambaya, "A nan akwai sauran mafita?" Wurin farko da amsar ta zama e, ka tsaya, nan ne wurin nazari.

Sa alamomi a gefen taku yadda aka saba a duniyar ces: ! taku mai kyau, ? kuskure, ?? katoɓara, !? mai jan hankali, ?! mai shakka. Duk da shuɗin biro.

Mataki na 6: Yanzu buɗe injin

Shigar da wasan a allon nazari na Lichess ko DroidFish, taku bayan taku, ka adana shi. Tsarin da ake adana wasanni da shi sunansa PGN, kuma kowace manhajar ces tana karanta shi, har ta WhatsApp kana iya tura wa malaminka.

Lambar da injin ke nunawa, in da alamar + Fari ne ke gaba, in da − Baƙi ne. A taƙaice 1.0 na nufin fifiko kwatankwacin soja guda. In ka ga # da lamba, kisa ne cikin wannan adadin taku. Ga mai koyo, bambancin +0.2 da +0.5 ba abin ɓata lokaci ba ne. Nemi inda lambar ta yi tsalle da 1.5 ko fiye. Kuma lura, faɗuwa daga +7 zuwa +5 ba komai ba ce, har yanzu kai ke da wasa, amma daga +1 zuwa −1 wasa ya sauya hannu.

Ɗauki jan biro. Duk inda injin ya saɓa wa abin da ka rubuta da shuɗi, rubuta nasa a gefe, kada ka goge naka. Amfanin kala biyun ke nan: bayan wata shida, in ka buɗe littafin, za ka ga abin da idonka ke gani da abin da yake tsallakewa. Wuraren da suka fi daraja su ne inda ka zauna a gida cikin natsuwa, ba agogo, amma duk da haka ba ka gani ba. Wannan ba gaggawa ba ce, gibi ne a iliminka.

Hattara da abu uku. Na farko, kada ka kwafi dogon layin injin mai taku goma sha biyar. In ba za ka iya bayyana dalilin takun da bakinka cikin jimla ɗaya ba, ba ka fahimce shi ba tukuna. Yi masa gardama: taka abin da kake ganin ya fi, ka ga yadda zai hukunta ka, ka sake gwada wani, har dalilin ya fito. Na biyu, ba shi lokaci. A ƙaramar waya hukuncin daƙiƙa biyun farko yana iya canjawa, bari lambar ta zauna. Na uku, wani lokaci injin zai nuna hanyar da ta fi kowace amma siririya ce, kuskure ɗaya ka hallaka, alhali ta biyu mai sauƙi ce kuma ita ma tana kai wa ga nasara. Ni ta biyun nake ba ɗalibai shawara su rubuta.

Idan babu waya ko kaɗan, kai wasan wurin wanda ya fi ka, ko ku haɗu ku uku ku yi ta gardama a kan allo guda. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru kafin kwamfuta ta kai ƙarfin da Deep Blue ya doke Kasparov a 1997.

Mataki na 7: Buɗin wasa da ƙarshensa

Buɗi ba ya buƙatar dogon zama. Lichess na da rumbun wasannin manyan 'yan wasa. Duba taku na farko da ka kauce wa abin da suka saba yi, ka koyi taku ɗaya ko biyu a gaba tare da dalilinsu, ka rufe. Masu koyo suna son ɓata sati a nan saboda haddar tana da daɗi, alhali ba a nan ake cin su ba.

Ƙarshen wasa ya fi cancantar lokacinka. In 'ya'yan da suka rage a allo, har da sarakuna, ba su wuce 7 ba, akwai rumbun da kwamfuta ta riga ta lissafe kowane matsayi, kuma Lichess zai gaya maka kai tsaye ko ci ne, ko faɗuwa, ko kunnen doki. Gwada wannan a allonka: sarkin Fari a e5, sojansa a e4, sarkin Baƙi a e7. In Baƙi ne da taku, dole ya kauce, Fari ya shige d6 ko f6 ya raka sojansa har ya zama sarauniya. In Fari ne da taku, kunnen doki ne muddin Baƙi ya ci gaba da tsayawa daura da shi. Taku guda ne tsakanin maki ɗaya da rabin maki.

Saboda haka duk inda ka yi musayar da ta kai ku ga sarakuna da sojoji zalla, tsaya ka bincika ko ka lissafa kafin ka yarda. Manya ma suna faɗawa nan. A wasa na 14 na gasar zakaran duniya a Singafo, Disamba 2024, Ding Liren, zakaran duniya na lokacin, ya taka 55. Rf2 yana neman musayar ruk a matsayin da kowa ke ganin kunnen doki ne. Bishof ɗinsa na kusurwar a8. Abokin karawarsa Gukesh ya karɓi musayar, ya taka Bd5 ya tilasta musayar bishof ma, aka bar sarakuna da sojoji inda yake da rarar soja guda. Da wannan ya zama zakara yana da shekara 18.

Mataki na 8: Ba kowane kuskure suna

Buɗe shafukan ƙarshe na littafinka ka ja layuka. Kowane babban kuskure ka jefa shi a ɗaya daga cikin waɗannan, ko ka ƙirƙiri naka rukunin: ban duba barazanar abokin karawa ba, na gani amma lissafi ya karkace a tsakiya, takun bai zo mini a rai ba sam, na yi hukuncin matsayi ba daidai ba, ban san ƙa'idar ƙarshen wasan ba, lokaci ya ƙure, hali, wato raini ko tsoro ko fushi ko sakaci bayan na ga ina gaba.

Yi hankali da rukunin lokaci, nan ake yawan ɓoye gaskiya. In ka tafka katoɓara a taku na 35 da sauran daƙiƙa 40, koma ga mintocin da ka rubuta. Za ka iya tarar da ka ƙone minti 25 a taku na 12 kana zaɓe tsakanin abu biyu da duk ɗaya suke. To kuskuren na taku na 12 ne, sunansa rashin yanke shawara.

Rukuni na farko kuwa kada ka ji kunyarsa. A 2006 a birnin Bonn na Jamus, Vladimir Kramnik yana zakaran duniya ya buga da kwamfutar Deep Fritz, hankalinsa na kan shirinsa ya taka 34...Qe3, aka kashe shi da taku ɗaya, 35. Qh7#. Dokin da ya tsare wa sarauniya gidan h7 yana f8 ne, can layin ƙarshe, inda ido bai saba ganin dokin abokin gaba ba.

Wasa ɗaya ba ya nuna komai. Sai ka tara goma ko sha biyar sannan za ka ga layi ɗaya ya fi sauran cika. Wannan layin shi ne aikinka na watanni masu zuwa, sauran su jira.

Mataki na 9: Mai da shi atisaye

Daga kowane wasa zaɓi matsayi ɗaya ko biyu, ka zana a ƙaramin kati ko ka ɗauki hoton allon, ka rubuta wa ke da taku, amsa a baya. Bayan sati ɗaya jera shi ka warware kamar sabo, bayan wata ka sake. In ka ci wasan a allo amma ka kasa ƙarasawa, jera matsayin ka buga shi da injin ko da aboki har sai ka iya kai shi ƙarshe sau uku a jere.

Maganin kuma ya dace da cutar. Mai rashin duba barazana ya ɗauki al'ada guda: kafin hannu ya taɓa ɗa, ya tambayi kansa wane cek da wane ci abokin karawa zai samu bayan wannan takun. Mai karkataccen lissafi ya riƙa warware matsaloli a allo ba tare da taɓa 'ya'ya ba, yana rubuta amsa cikakkiya kafin ya duba. Mai matsalar ƙarshen wasa ya fara da sarki da soja, sannan sanannun matsayai biyu na ƙarshen wasan ruk, na Lucena mai koyar da yadda ake ci da na Philidor mai koyar da yadda ake kunnen doki. Mai matsalar agogo ya sa wa kansa iyaka, misali kada taku ɗaya ya ci fiye da kashi ɗaya cikin goma na lokacinsa sai in wurin yanke hukunci ne na gaske.

In gasar mai zagaye da yawa ce a rana ɗaya

Kada ka yi cikakkiyar bita tsakanin zagaye. Yi mataki na 1 da na 2 da ɗan abin da ya samu daga na 3, ka sha ruwa, ka yi salla, ka huta. Buɗe injin a wannan lokacin ba ya haifar da komai sai takaici, ka shiga wasa na gaba kana tunanin wanda ya wuce. Abu guda da ya halatta ka duba shi ne buɗin wasa, in akwai alamar wani zai sake jarraba ka da shi. Sauran ka bar su sai ka koma gida. A can kuma, in lokaci bai isa ka bi duka ba, fara da wanda aka ci ka ba ka san dalili ba, sai wanda kake gaba ya kuɓuce, sannan ɗaya daga cikin waɗanda ka ci, musamman wanda abokin karawa ya ce maka akwai inda ya bar ka ka tsira.